Ganin Suruka a Bur Dubai

Ana kiran assalatu muka bar gida, ni da yayana, a shekarar nan da Dubai ta buɗe jirgin ƙasanta mara direba. Ba fatauci ya kai mu ba. Ɗansa na fari, makanikin injin jiragen ruwa, ya auri 'yar Indunisiya a can, Yaya kuwa ya ce ba zai sa wa auren albarka ba sai ya gani da idonsa.

Duk abin da Yaya ya sani game da ma'aikatan jirgin ruwa, daga wani tsohon fim na barkwanci ya samo shi, wanda ya kalla a silima yana saurayi, tun hoto na baƙi da fari. Sojojin ruwa ne masu fararen huluna suka sauka a baƙuwar ƙasa, ɗayansu ya ruɗe a kan wata yarinya, ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa, ana ta kwasar dariya. Har muka sauka yana maimaita mini labarin. "Irin wannan auren ne," in ji shi. "Na wasa."

A Deira muka kwana, kusa da Al Sabkha, inda kwalaye suka fi mutane yawa. Zafin garin mai danshi ne, kamar an rufa maka jiƙaƙƙen bargo. Yaya bai yarda da komai ba. Ya ƙi hawa jirgin da ba direba, ya shinshina shinkafar da aka kawo mana, ya sa na tambayi wanda ya yanka kazar. Washegari muka haye ruwa zuwa Bur Dubai, inda ɗan nasa yake zaune, a kwalekwalen da suke kira abra, dirhami ɗaya kacal, hannun Yaya na dafe da aljihu.

Amarya ta tarbe mu cikin lulluɓi da ladabi. Ashe mahaifinta ma ya zo, wani ɗan siririn dattijo mai baƙar hula, yana ta auna mu da ido. Yaron ya durƙusa gaban ubansa. Yaya ya kau da kai, ya amsa gaisuwar yana kallon bango, kamar yadda kowane uba yake yi wa ɗan fari. Ruwa ma da zai nema, cewa ya yi, "Gaya wa yaron nan."

Bayan la'asar dattijon ya ja ni gefe. Da Larabcin littafi muka yi magana, nasa na ɗingishi, nawa ma haka. Ya ce gobe zai koma gida da 'yarsa. "Wanda ubansa ba ya kallonsa, ba ya kiran sunansa, korarre ne. Ga shi ɗan jirgi. Na ga irinsu a fim, jirgi na yin kuka su bar yarinya a bakin ruwa."

Na yi masa bayanin kunyar ɗan fari. Ya girgiza kai, ya ɗauka rufa asiri nake yi.

Da na sanar da Yaya, sai ya miƙe zumbur. "Ɗan nawa ake zargi? Yaron da bai taɓa ɗaga mini murya ba?"

"To, Yaya, sai ka nuna masa. Ni bai yarda da ni ba."

Ya daɗe yana jan carbi. Can ya ɗaga kai ya kira sunan ɗansa a gaban dattijon, abin da ban taɓa jin ya yi ba. Yaron ya waiga baya yana neman mai kiran. Yaya ya kamo hannunsa, ya ɗora a na dattijon, ya sa albarka. Dattijon ya shafa fatiha, amarya na kuka a bakin ƙofa.

Allah Ya dawo da mu Kano lafiya. Abin da na koyo shi ne, mun tafi binciken mutane ba mu san mu ma a kan sikeli muke ba, kuma abin da yake mutunci a gidanmu yana iya zama abin tsoro a gidan wani. Muna shiga unguwa Yaya ya riƙe mini hannun riga, ya yi ƙasa da murya. "In mutan gida sun tambaya, ka ce ta yi. Maganar sunan kuwa, ka bar ta a can."