Harsashin da ke wuyana

Tun ina rarrafe akwai wani ƙulli a tsakiyar wuyana, kamar ƙwan zabuwa. Ba ya ciwo. In na zaro harshe sai ya yi sama, in na mayar ya sauko.

Babana tsohon soja ne, bai daɗe da dawowa Zuru daga yaƙin basasa ba. Sai na gaya wa 'yan makarantarmu cewa harsashi ya zo da shi a aljihu, na haɗiye, ya maƙale. Na gargaɗe su: duk wanda ya kayar da ni a kokawa, harsashin zai tashi da rabin makaranta. Ni da iska ke ɗauka, shekara uku bayana bai taɓa ƙasa ba.

Ina shekara sha huɗu abin ya kumbura ya soma zafi. Kakata ta zo daga Dabai ta ce maƙoƙo ne, a kira wanzami. Baba ya ƙi, ya ɗora ni a keke sai asibiti.

Likita ya lallatsa wurin ya ce, "Samari, zaro mini harshe."

Abin da ake zane ni a kansa a gida! Na zaro har haɓa. Ƙulli ya hau.

"Yawwa. Da shi aka haife shi," in ji likita. "'Yar jaka ce mai ruwa. Za mu sa shi barci mu cire ta duka, in an bar saura za ta dawo."

Na ce, "Likita, ba ko ɗan ƙarfe a ciki?"

Baba ya juyo. "Ƙarfen me, don gidanku?"

Ranar tiyata ni jarumin makaranta na yi kukan da aka ji har garin Wasagu. Da na farka aka nuna mini abin a kwalba, sai ka ce hanjin kaza. Na roƙi Baba kada ya faɗa wa kowa. Kafin yamma ya zagaye unguwa da labarin yana dariya.

Wuya na warkewa na koma makaranta, na tarar da layin masu jiran kokawa da ni a fili. Na nuna tabon, na ce saura ɗan gutsure a ciki. Ba wanda ya saurare ni. Wani ɗan aji ɗaya mai majina ne ya fara kayar da ni, kuma bai ko tuɓe riga ba.