Taƙin Isiyaku

Idan ka ce wa mutanen Gumel Isiyaku yana can Riyad yana noman ƙanƙara, cewa za su yi zafin Saudiyya ya taɓa ka. To, ba ƙarya ba ce. A cikin wani katafaren kanti akwai zauren da injuna ke feso dusar ƙanƙara, an yi mata tudu, masu hali suna hawa suna sulalowa. Shekara shida ke nan Isiyaku yana fitowa daga unguwar Jaradiya da sassafe, ya jibga rigar sanyi uku, ya ɗauki manjagara yana baje ƙanƙarar nan kamar mai gyaran gona.

Yana da wata ɗabi'a da abokan aiki ke yi wa dariya. Akwai sandar awo da aka kafa a gindin tudun, amma shi bai yarda da ita ba, don a nan ƙanƙara ke taruwa. Sai ya hau tsakiya, ya cire safar hannu, ya tsuguna ya tona da yatsu. In bai samu taƙi guda ba kafin ya taɓo siminti, sai ya girgiza kai. Haka mahaifinsa ke gwada laimar ƙasa bayan ruwan farko. Sau ɗaya Isiyaku ya yi wa wannan awo kunnen ƙashi, shekarar da ƙamshin ƙasa ya ruɗe shi ya zuba irinsa kaf. Gero ya tsiro, ruwa ya ɗauke kwana ashirin, komai ya ƙone. Gaggawar nan ce ta raba shi da gona, kuma har yau in ya tuna sai ransa ya sosu.

Ranar da za a sake buɗe wurin bayan gyara, inji ɗaya ya ƙi tashi. Tudu dai ya yi fari fat, gwanin sha'awa. Isiyaku ya tona a wajen kwana, ya samu yatsa uku.

Mansur, mudir ɗin wurin, wato manaja, ya iso yana duba agogo. A bakin ƙofa iyaye da 'ya'yansu sun riga sun yi layi.

"Ya hajji, sanda ta ce lafiya lau. Yalla, maza buɗe."

"Mudir, sama ce kawai ta yi fari. A kwanar can siminti na kusa."

"Ni zan bi sanda, ba yatsunka ba. Halas, magana ta ƙare."

Tsoro ya hana Isiyaku yin musu. Igamarsa, takardar izinin zama, saura wata guda ta ƙare, Mansur ne mai sa hannu a sabunta ta, ita ce kuma ke riƙe da gidansa a Gumel. Ya dubi layin, ya dubi kwanar.

Shekara shida bai taɓa sulalowa ba, yana cewa wannan ba wasan mai furfura ba ne. Ran nan sai ga dattijo ya ja tayar roba zuwa ƙololuwa, ya yi bisimilla ya zauna. Ma'aikata suka fara shewa. Yana isa kwana robar ta karci siminti, ta wurgar da shi gefe. Da ya ɗago, wando ya yage, gwiwa na zubar da jini a kan farar ƙanƙara, kowa na gani.

Aka rufe tudun kwana biyu. Babu wanda ya ji ciwo sai shi.

Sai dai Mansur bai yafe kunyar da ya sha a gaban ma'aikatansa ba. Wata ya cika, ba a sa hannu ba.

Ranar da Isiyaku ya je mayar da rigunan sanyi, yana ɗingishi, ya leƙa zauren ta gilashi. Ba a buɗe ba tukuna. Can tsakiyar tudu, wajen kwana, ya hango Mansur shi kaɗai a tsugune, ya cire safar hannu yana tona ƙanƙara da yatsu.

Isiyaku bai ƙwanƙwasa gilashin ba. Ya tsaya har sai da ya ga hannun ya nutse taƙi guda, sannan ya juya ya tafi haɗa kayansa.