Gonar da Gulbi Ya Kai Tsallake

Asabar: Maraɗi zuwa Madarumfa

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na fito daga gida, da taswira naɗe cikin leda. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata kwaleji a Maraɗi, shekara goma sha ɗaya ina koya wa yara yadda ruwa ke cin ƙasa. Ƙanena Sanusi ne ya kira ni. Gulbi ya cinye fiye da rabin gonarsa ta fadama a daminar nan, a ɗaya gaɓar kuma sabuwar ƙasa ta fito, mutanen tsallake har sun fara kafa shinge. Maigari ya sa ranar Lahadi don a yi shari'a, Sanusi yana so in zo in yi bayanin masu ilimi cewa ƙasarsa ce ta ƙaura. Ni ne kuwa na sa shi ya sayar da jigawar da muka gada ya sayi fadamar, shekara uku da suka wuce.

Motar tasha ba ta cika ba sai bakwai saura kwata, dala ɗari da hamsin na kuɗin sefa kowane mutum. A shingen jandarma aka duba katinmu, jandarman ya taɓa ledata.

"Mi ne ne wanga, malam?"

"Taswira ce."

"To ka nuna ma direba inda ramukka suke."

Aka yi dariya, ban da ni. Kilomita ashirin da 'yan kai ne, amma sai takwas saura muka isa.

Madarumfa zuwa ƙauyenmu

Tabkin Madarumfa ya cika har ya shiga lambuna. Na sha kunu da ƙosai na dala talatin a bakinsa, mai ƙosan tana ce mini kifi ya yi araha bana, maganin zazzaɓi ya yi tsada. Abin da nake rubutawa a allo ke nan: ruwa ya kwanta, sauro ya yi yawa, asibiti ta cika. Ban taɓa jin darasin ya yi mini ɗaci a baki ba sai ran nan.

Na hau kabu-kabu ta hanyar Gabi, dala ɗari uku. A kan tudu gero ya ƙone tun bai fid da kai ba, a gangare kuwa dawa kwance cikin laka.

"Hadari bai yi muna komi ba nan," in ji mai babur ɗin. "Can Najeriya aka yi ruwan, mu aka aiko ma."

Ƙarfe goma da minti ashirin na sauka. Sanusi bai bari na zauna ba, ya ja ni bakin gulbi. Gawon da a da yake tsakiyar gonar, yanzu a bakin gaɓa yake, saiwoyinsa a waje. Ina tsayawa na ga abin da ban duba ba ranar ciniki, don da rani na zo, idona yana kan baƙar ƙasa kawai. Gonar tana bayan gwiwar gulbi, daidai inda ruwa ke dukan gaɓa idan ya karyo kwana. Yaron aji ɗaya ya san nan ne ruwa ke ci. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

"Ga ta can, Yaya," ya nuna tsallake. "Baƙa ce irin tawa. Kai dai ka hwaɗa masu."

Na kwana a ɗakin marigayi babanmu. Tuwon dawa aka kawo da miyar kuka, Habsu matar Sanusi tana ta ba ni haƙuri wai babu nama.

Lahadi: ƙofar maigari

Ƙarfe tara aka shimfiɗa tabarmi. Al'adar nan tun kakanni ita ce gulbi ne iyaka, abin da ke gaɓarku naku ne. Maigari ya ce amma tunda ga mai karatu, a ji ta bakinsa. Na buɗe taswira, na zana gwiwar gulbi a ƙasa da tsinke, na yi ta zuba kamar ina aji. Tsohon ya bar ni na gama.

"Malam, abu guda nika tambaya. Ƙasar da ke tsallake, ita ce ta ƙanenka? Za ka iya dahwa Alƙur'ani?"

Na san amsar. Abin da ruwa ya kwasa daga gonar Sanusi ya yi gaba da shi, wataƙila yana gindin tabki. Wadda ta taru a tsallake daga sama ta zo, daga gonakin mutanen da ba mu sani ba. Sanusi yana kallona, bakinsa a ɗan buɗe.

"Ranka shi daɗe, ba ita ba ce."

Ba a yi minti biyar ba aka shafa fatiha.

Komawa

Sanusi bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya raka ni inda babura ke tsayawa, ya ce bayan kasuwa zai bi samarin gari zuwa Najeriya, abin da ya rage na gonar ba zai kai wata damina ba. Na ce zan yi wani abu. Bai tambaye ni mene ne ba. Ya zaro ƙullin tsumma daga aljihu ya sa mini a leda, kusa da taswira.

"Irin albasa ne. Ka ba wanda ke da wurin zuba shi."

Na bar ƙauye ƙarfe ɗaya, na sami mota a Madarumfa uku da rabi, ta daɗe ba ta cika ba, na shiga gida ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Habsu da tuwonta. Ƙullin yana kan teburina. Gobe Litinin ƙarfe takwas ina da darasi a kan albarkar ƙasar fadama.