Kunnen Baba da Ƙwaƙwalwar Motata

Duk shekarun da Allah ya ara mini, ba na jin ranar da Baba ya ceci injin motata a hanyar Kirikasamma za ta fita daga raina.

Motar tsohuwa ce, ja, mai ƙofa biyu, irin ta tsere. Daga Kano na jawo ta zuwa garejina a Haɗejiya, na yi wata huɗu ina fama da ita, har na ɗaura mata turbo, na'urar nan da ke cusa wa inji ƙarin iska don ƙarfinsa ya ninku. Baba kuwa tsohon direban babbar mota ne, ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Ranar da ya fara ganin ta sai ya zagaye ta ya ce, "Wannan ko buhun shinkafa ɗaya ba za ta ɗauka ba. Me za ka yi da ita?"

Matsalar da ta tsaya mini ita ce ƙwaƙwalwar motar, wato akwatin da ke auna fetur da lokacin ba da wuta. Wadda ta zo da ita daga kamfani ba ta san da zaman turbo ba. Iska ta ƙaru, fetur yana nan yadda yake, kuma haka fistin da ke cikin inji ke narkewa. Abokina mai wayarin ya ce hanya biyu ce. Ko mu liƙa ɗan ƙaramin akwati da zai riƙa ruɗin ƙwaƙwalwar ta ƙara fetur, aikin yini guda. Ko mu cire ta gaba ɗaya mu sa sabuwa wadda ake saitawa da kwamfuta, aikin makonni. Ni a lokacin gaggawa ce ke tuƙa ni, don na riga na cika baki a majalisa. Na ce ƙaramin akwatin nake so.

Muka ari ɗaya muka ɗaura. Ranar gwaji, ana zafin bazara irin wanda kwalta ke laushi, Baba ya ce mu rage masa hanya zai sayo kifi a Kirikasamma. Ya zauna gaba, abokina ya dunƙule a baya. Da muka fita gari, hanya ta buɗe, gonakin shinkafar rani kore shar a gefe, sai na taka totur. Turbo ya yi fito, motar ta manna mu da kujera. Ni da abokina muka fara ihu.

"Ɗaga ƙafarka!" in ji Baba.

"Baba, ai yanzu ta fara..."

"Na ce ka ɗaga! Ba ka ji ba? Kamar ana watsa tsakuwa a kwano."

Wallahi ban ji komai ba. Amma na gangara gefe. Da injin ya huce muka kwance filogi, sai ga bakinsu fari fat, ɗaya har ya fara cinyewa. Da na ƙara minti biyu a haka, da aikin wata huɗu ya zama ƙarfen gwangwan. Abokina ya ce akwatin an saita shi ne don ƙasashe masu sanyi da fetur mai kyau, ba don ranarmu da man da muke sha ba.

Ina jiran faɗa, sai Baba ya juya wurin abokina. "Ɗana, a cikin akwatunan nan biyu, wanne ne yake jin abin da na ji?"

"Babban, Baba. Yana da kunne a jikin inji. In ya ji wannan ƙarar sai ya ja wuta baya. Yana kuma auna zafin iska."

"To me kuke jira?"

Haka aka yi zaɓin, a gindin bishiya, shanu na wucewa. Muka koma gida a hankali kamar masu rakiyar amarya, kifin ma ba a saya ba.

Makonni ukun da suka biyo baya sun fi kowane lokaci daɗi a rayuwata. Mun ɗaura sabuwar ƙwaƙwalwar, saura saiti. Kullum da hantsi Baba ne ke riga mu shiga mota. Mun ɗaure tiyo a jikin inji muka zuro shi ciki, yana kara shi a kunne. Abokina na riƙe da kwamfuta a cinya, ni ina tuƙi. Baba ya ce, "Ta fara," abokina ya duba ya ce, "Wallahi kuwa!" sai ya ja wuta baya. Sau biyu Baba yana riga na'urar ji. Mutumin da tun ina yaro hirarmu ba ta wuce gaisuwa da aike ba, sai ga shi yana ba ni labarin injunan da ya raba dare da su a hanya, muna dariya har da hawaye.

Ranar ƙarshe muka koma wancan wurin da tsakar rana, don mu gwada ta a zafi mafi tsanani. Na taka, ta tafi sumul, sautinta tas. Baba ya sauke tiyon ya ce, "Tsaya. Sauko."

Na ɗauka wani abin ya sake ji. Ashe sitiyari yake so. Ya gyara hula, ya yi bisimilla, ya sa giya. Da turbo ya yi fito sai na ga tsohon nan ya washe baki kamar yaro, yana cewa, "Kai! Kai! Ashe haka take!" Masu aiki a fadama suka miƙe suna kallo, shi kuwa har da danna musu ham.

Abin da na koya shi ne, kaya ba ya zama mai kyau don an yabe shi a wata ƙasa. Sai ya dace da ranarka da manka da hanyarka. Na kuma gane cewa na yi shekaru ina zaune gida ɗaya da gwani, ban taɓa tambayar sa komai ba. Yanzu kowace safiya, kafin na buɗe gareji, sai na biya ta ɗakinsa da tambaya.