Ranar da Na Kori Baffa Daga Gonarsa

Maigidana yana da ciwon suga irin na allura, kuma bai ɓoye mini ba tun kafin a kai ni gidansa a Karaye. Kwalbar maganin a cikin jiƙaƙƙen yashi take zama, a gindin randa. Sirinjin gilashi kuwa ni ke dafa shi a wata 'yar tukunya da ba ta taɓa ganin miya ba. Likitansa na Kano ya ja masa kunne cewa allura ba ruwanta da ko ka ci abinci ko ba ka ci ba, aikinta kawai take yi. Ranar da zai yi aikin ƙarfi ko doguwar tafiya a keke, dole ya ci kafin ya fara, ya ƙara ci a tsakiya, kuma kada aljihunsa ya rabu da ƙwayar suga. Na haddace wannan fiye da shi. Shi malamin makaranta ne, gani yake ya fi kowa sani.

Daminar farko bayan aurenmu, Baffa, wato mahaifina, ya kira gayya a gonar dawarsa ta bayan ƙauyenmu Turawa. Suruki ba ya jiran a aika masa. Ni na riga shi tafiya da kwana ɗaya don in taya Inna aiki, shi kuma ya yi allurarsa da safe ya tuƙo keke tun daga Karaye. Me ya ci kafin ya fito? Oho. Daga cikin gida na jiyo gaisuwarsa, sai kuma gangar noma ta kwashe su zuwa gona.

Da na leƙa zaure, sai ga rigarsa a rataye. Na laluba aljihu, na ji sugan da na ƙulle masa a leda yana nan yadda na sa shi.

Daga nan zama ya gagare ni. In ɗauki taɓarya in ajiye, in hura wuta alhali tana ci, in je bakin danga in dawo. Na zuba wa fura nono har sau biyu. Inna ta dube ni ta ce, “Ke, kan ki farau aure? Ba guduwa zai yi ba, gona ce.” Matan da suka zo taya mu girki suka kwashe da dariya. Ni kuwa lissafi nake yi: ga keke, ga garma, ga makaɗi yana zuga shi a gaban samarin ƙauyenmu da ke jira su ga ɗan boko ya gaza. Na san halin kayana, gara ya faɗi da a ce ya tsaya hutawa.

Da hantsi ya ɗaga aka kai fura. Matan da suka kai suka dawo suna yabo. “Kai, mijin nan naki akwai kara! Kowa ya sha, shi ya ce ya ƙoshi.” Na tambaya ina aka ajiye ƙwaryar. Suka ce a gindin ɗorawa, inda Baffa yake zaune.

To, mu a wajenmu namiji ba ya cin abinci a gaban surukinsa, ko ruwa ba ya kurɓa. Maigidana ba a cikin Fulani ya tashi ba, shi ya sa ya riƙe al'adar fiye da masu ita, don kada a ce an ba bare 'ya. Ni kuma 'yar fari ce. Tunda na yi wayo Baffa bai taɓa kiran sunana ba, ni ma maganata da shi ba ta wuce gaisuwa, kaina a ƙasa. Duk abin da nake so, ta bakin Inna yake bi.

Na ce wa Inna ta aika a gaya wa Baffa. Ta ce, “A ce masa me? Ya bar gayyarsa?” Na damƙi ƙullin sugan, na yafa mayafi, na bi hanyar shanu ina haɗawa da gudu. Ina jin Inna tana kira, ban waiwaya ba.

Tun daga nesa na gane shi, domin layinsa ya karkace. Dawar yake sarewa yana barin ciyawa. Gumi ya jiƙe shi sharkaf, garmar tana rawa a hannunsa, samari suna ta dariya wai ɗan birni ya sha wuya. Na kama hannunsa a gaban kowa, abin da ban taɓa yi ba. Ya dube ni kamar bai san ni ba. Na kai suga bakinsa, ya datse haƙora. Mutumin da bai gane matarsa ba, sai ga shi yana karkata ido wajen ɗorawa. Wani dattijo ya ce, “Ke yarinya, mai ciwon suga za ki ba suga? Kashe shi za ki yi?” Ban bi ta kansa ba.

Na taka har gaban Baffa, ban ko durƙusa ba.

“Baffa, ka tashi daga nan.”

Ganga ta yi shiru. Baffa ya ɗago ya dube ni, ni ma na dube shi. Ranar na fara sanin idonsa na hagu yana da 'yar hakiya.

“Muddin kana zaune ba zai ci ba. In bai ci yanzu ba, gawarsa za a ɗauka a gonarka.”

Ina faɗa ina kuka, tsoro da haushi sun haɗe mini. Baffa ya dogara sandarsa ya miƙe, ya ce wa iska, “Jar saniyar nan tana ɗingishi tun jiya, bari in je in duba ta.” Ya bi ta bayan gona, bai waiwayo ba har dawa ta rufe shi.

Sannan maigidana ya buɗe baki. Ya tsotsi suga, aka zaunar da shi a inuwa, da hankalinsa ya fara dawowa ya shanye rabin ƙwaryar fura. Daren nan ma ban bar shi ya kwanta ba sai da ya ƙara cin tuwo, domin likita ya ce aikin rana kan biyo mutum har cikin barci. Godiyar da na samu ita ce mako guda yana cin magani, wai na kunyata shi a gaban jama'a. Na ce ai mai rai ke jin kunya.

Baffa bai taɓa tayar da zancen ba, da ni ko da Inna. Amma kowace shekara, ranar gayya, da an hango masu fura tafe, sai jar saniya ta fara ɗingishi. Samari har tsokana suke yi, su ce saniyar Baffa ta san hantsi.

Gayyarsa ta ƙarshe, shanun duk ya raba wa ƙannena sun yi kudu da su, ko ɗan maraƙi babu a gidan. Ƙafafunsa sun ƙi, a amalanke aka kai shi gindin ɗorawa. A ranar ni na ɗauko furar da kaina. Ina sauke ƙwarya na ga yana laluben sandarsa. Maigidana ya matso ya durƙusa ya ce, “Baffa, yi zamanka, ni zan zaga can in sha.”

Baffa ya yi kamar bai ji ba. Ya miƙo mini hannu ya ce, “Kama ni, mu je mu duba saniyar nan.”