Dattijon da Yake Kawo Mana Gas

A Doha babu wanda yake zaɓen inda zai sayi wutar lantarki. Hukuma ɗaya ce, ta turo kuɗin wata a waya, ka biya. Lokacin zafi, da na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa, maigidana yakan duba saƙon ya yi tsaki ya kife wayar. Ni kuma na ƙudura a raina, tunda wuta ta fi ƙarfina, zan nemi sauƙi a wajen gas.

Shekara huɗu mutum ɗaya yake kawo mana tukunyar gas a gidanmu na unguwar Al Rayyan. Dattijo ne daga wajen Funtuwa, direban wani ƙaramin kanti. Ranar da ya fara zuwa ya ji ina yi wa 'ya'yana faɗa da Hausa, sai ya sauke tukunyar muka yi ta gaisawa kamar mun daɗe da sanin juna. A hawa na uku muke, lif ɗin ginin kuma yau lafiya gobe babu, amma bai taɓa bari na sauko ba. Shi zai shigo da ita har kicin ya ɗaura. In ya tarar na yi tuwo da miyar kuka, na zuba masa a kula ya tafi da shi. Baba nake ce masa, shi kuma Hajiya. Ni na ba matan Najeriya da ke unguwar lambarsa, har ya zama shi ne mai gas ɗin kusan kowa.

Gas kuɗinsa ɗaya ne ko'ina, ladan kawowa ne ya bambanta. Wata maƙwabciyata 'yar Indiya ta nuna mini manhajar da take oda da ita, da ragin riyal biyar. Na gwada. Mai kawowa ya ajiye tukunyar a bakin ƙofa ya juya, ni na ja ta zuwa kicin. Duk da haka na ji kamar na yi wata babbar dabara, har na rubuta a gurup ɗinmu na mata cewa ga hanya mai sauƙi. Suka yi ta yi mini godiya.

Ban gaya wa Baba ba. Bayan kamar wata biyu ya kira, ya tambaya ko tafiya muka yi. Na ce a'a, girki ne na rage, yawanci a waje muke saye. Ya yi mana addu'a ya ajiye waya. A lokacin nan shinkafa ce a kan wuta.

Sai da sanyi ya shigo muka sake haɗuwa. Wata Juma'a bayan la'asar mun fita Corniche, bakin teku, na hango shi zaune a kan dakali yana kallon jiragen katako. Da zan iya da na kauce, amma maigidana ya riga ya yi masa sallama. Ya rame. Ya ce ciniki ya ja baya, kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya sayar da motar ya rufe kantin. Yanzu a filin jirgi yake, yana tattara amalanken kayan matafiya, wuni guda a tsaye.

Da maigidana ya matsa wajen yara, Baba ya rage murya.

"Hajiya, na ga motar waɗancan masu kawo gas ɗin a ƙofar gininku tun kafin in kira ki. Na kira ne in ji ko wani laifi na yi miki."

Na ce wallahi bai yi mini komai ba. Ya ce to alhamdu lillahi, abin da ya dame shi ke nan. Zancen gurup kuwa na ɓoye masa. Har yau ban sani ba ko ya sani.

A mota maigidana ya ce kada in ɗora wa kaina, ƙananan kantuna irin wannan duk rufewa suke yi, da ni da babu ni. Wataƙila gaskiyarsa ce. Na dai matsa masa ya nema wa Baba aikin gadi a kamfaninsu, ya gwada, aka ce shekarunsa sun wuce.

Da za mu je gida Kano hutu na kira shi na tambaya ko yana da saƙo. Ya same mu a filin jirgi cikin kayan aiki, da leda ɗauke da abaya biyu da dabino na matarsa. Ya yi ta ba ni haƙuri wai ya ƙara mana nauyi. Ya ce ƙaninsa zai zo Kano ya karɓa, na ce ya bari. Na sa aka kai ni Funtuwa na miƙa wa matarsa da hannuna. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura, ta ce ai ta san ni, kullum yana ba ta labarin kirkina. Na shanye furar.