Zanen da Kawu Sale Bai Ƙarasa Ba

Shekara shida cif da rasuwar Kawu Sale, sai ga ni tsugune a zauren gidanmu a Bunkure, Yaya Habu tsaye a kaina da littattafai biyu. Maganin feshin tumatir ya shiga nema a ɗakina, ya tsince su ƙarƙashin buhun iri.

"Kai Nura, wannan wace irin ƙazanta ce?"

Kawu ƙanin Innarmu ne, mai zane a jikin motocin da ke lodin shinkafa a Kura. Da na bar makaranta kowa zagina ya yi, shi kaɗai ya miƙo min fensir.

Littafi ɗaya a gwanjo Kawu ya saye shi a birni, zanen mutanen Italiya ne na ɗaruruwan shekaru. Wani ƙato tsirara ya shaƙe zaki, wata mace tana rikiɗa zuwa bishiya, duk tatsuniyoyin gumakansu. Kawu ba ruwansa da tatsuniyar, kafaɗa yake kallo. Yakan ce, "Dubi yadda jijiya ta tashi. Haka ta mai dakon albasa take."

Ɗayan kuwa zanen hannunsa ne: masu yankan shinkafa, masu wanka a kanal ɗin ban-ruwa. Wajen Turawan ya koyi a fara zana jiki kafin a ɗora riga, in ba haka ba rigar sai ta tsaya kamar an rataye a ƙusa. Ciwo ya kwantar da shi bai kai kan rigunan ba. Fuskokin kuma duk sanannu ne a garin nan, har da surukin Yaya.

Yaya ba mugu ba ne. Ya ce duk idon da ya kalla, Kawu ne zai ji a kabari. Inna ta sa kuka, wai in ji tausayin ɗan'uwanta. Ya ajiye min littattafan da ashana a kai, ya wuce gona.

In na ƙona, Kawu ya tafi kenan, don motocin duk an sake musu fenti. In na ajiye, ina ƙara masa kaya. Gaba damisa, baya siyaki. Da yana raye ko me zai ce? Wataƙila dariya, wataƙila ya karɓi ashanar da kansa. Wallahi ban sani ba.

A bakin kanal na wuni. Da la'asar na tura wa Yaya saƙo:

"Na Turawan ya zama toka. Na Kawu ka ba ni zuwa girbi, zan sa musu riga ɗaya bayan ɗaya. Hannuna bai kai nasa ba, zan ɓata su, na sani. Ka ce wa Inna ta daina kuka."